Falwaya Bai Samu Mai Canji Ba

Ni na raɗa masa Falwaya, kuma har ya bar duniya bai taɓa cewa in daina ba. Dogo ne siriri, in ya tsaya wuri sai ka rantse da siminti aka dasa shi. Ranar da suka tare a gidan hayarmu shi da amaryarsa, na leƙo na tarar da shi tsaye ƙiƙam a tsakar gida, katifa a ka, yana jiran mai gidan ta kawo makulli. Mai gidan nan kuwa in ta shiga neman makulli, sai ka yi wanka ka shirya ba ta fito ba. Bai sauke katifar ba, bai sauya ƙafa ba. Na ce, "Jama'a ku fito, an dasa mana falwaya, saura waya mu samu wuta." Matan gida suka kwashe da dariya. Shi kuwa ya dubo ni daga ƙarƙashin katifa ya ce, "Sannu, maƙwabci." Suna ya zauna.

Ni facin taya nake yi. Rumfata tana bakin babban titi, da injin iska, da bahon da nake tsoma tub in ga inda ya huje, da tsofaffin tayoyi da 'yan zaman banza ke hawa muna kashe rana da surutu. A gida kuma ɗakina manne yake da na Falwaya, katako ne kawai ya raba mu. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Rabi na gani da idona, rabi ta katako ya shigo mini.

Tarihinsa gajere ne, don shi ma bai daɗe ba. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta raine shi, wata mata mai murya kamar hon ɗin tirela. Yana gama sakandare ya shiga soja, ko gemu bai tsiro ba. Aka kai su bakin daga, can wani wuri da bai taɓa faɗa mana sunansa ba. Ya dawo da tabo a haƙarƙari da wani irin shiru. Da aka sallame shi sai ya nemi aikin ɗan sanda, wai shi bai iya tafiya cikin kayan gida ba, ji yake kamar tsirara ya fito. Ya cire kaki ya sa kaki ke nan. Duka-duka bai kai shekara talatin ba.

A gida ba shi da fitina, sai dai abin dariya. Gadonsa a ɗame kamar ganga, matarsa ta ce har tsoron zama take a kai. Takalmansa kullum suna kallon ƙofa. A tsaye yake cin abinci. In famfo ya lalace shi ke gyarawa, in kwata ta toshe shi ke zura hannu har kafaɗa, mu kuma mu tsaya a kansa muna ba da umarni, "Hagu, soja! A'a, dama!" In na zolaye shi da safe, sai da yamma zan ji dariyarsa ta katako. A lokacin ya gane.

Matarsa tela ce, 'yar gajera mai kaifin baki, ita kaɗai ce a gidan ke iya mayar mini da magana. Ina ce mata Ƙanwata, tana ce mini Baƙin Mai, saboda hannuna. Tana son mijinta, wannan ba na musu. Amma tun farkon zamansu na fara jin magana ɗaya ta katako.

"In lokacinka ya cika ka taho gida. Kowa haka yake yi."

Shi kuma amsarsa ɗaya ce, "Sai mai canjina ya zo."

Bari in yi bayanin wannan canji, don a kansa komai ya rataya. Tsallaken titi, daidai saitin rumfata, akwai wani bene da aka gina da rowar siminti. Ya tsage tun daga sama har ƙasa, barandarsa ta sunkuyo kamar leɓen mai fushi. Hukuma ta kori masu haya, ta shafa jan fenti a bango, ta ce za a rushe. Ba a rushe ba. Sai aka ce a riƙa ajiye ɗan sanda a ƙofa, kada ɓarayin tagogi da masu neman wurin kwana su shiga. Mutum biyu aka ba aikin. Falwaya ya tsaya daga safe zuwa yamma, sai wani kofur da muke kira Tumbi ya karɓe shi.

Tumbi mutum ne mai son ransa. In lokacinsa ne, a bencin mai shayi yake gadi, nan gefen rumfata, ya cire hula ya ɗora a gwiwa yana hango ƙofar daga nesa. Ya ce ginin da ke shirin faɗuwa ba a yi masa gadi a ƙarƙashi. Falwaya kuwa sufeto ya nuna masa dakalin ƙofa ya ce "nan", to nan ɗin ne, daidai ƙarƙashin baranda. Na sha ƙwala masa kira, "Falwaya, matso inuwa, ginin ba guduwa zai yi ba!" Sai ya ɗaga mini kulki kawai.

Ba a daɗe ba Tumbi ya gano irin abokin aikin da Allah ya haɗa shi da shi. In ya makara, Falwaya na nan. In ya ƙara makara, Falwaya na nan. Shi ke nan, Tumbi ya samu banza. Yakan shigo unguwar ma, ya zauna bayan teburin mai shayi inda ba a hango shi daga tsallake, ya sha shayinsa, ya buga kartarsa, sai ya ga dama ya miƙe.

Wata rana na kai wa Falwaya ruwan sanyi, don in samo abin faɗa. Na ce, "Wai kai gwamnati ce ta haife ka? Lokacinka ya wuce tuni, sai ƙamewa kake kamar za a ɗauke ka hoto."

Ya shanye ruwan ya miƙo mini kofi. Ya ce, "Maƙwabci, a can bakin daga, wanda ya bar wurinsa kafin mai canji ya zo, ba shi ke mutuwa ba. Waɗanda suka kwanta barci don sun san yana nan, su ke mutuwa."

Na ce, "Wa ya bar wurin? Kai?"

Ya mayar da idonsa kan titi.

Na ce, "To a nan wa ke barci? Ɓeraye?"

Na koma rumfa na ba da labari, har da kwaikwayon muryarsa. Mai wankin mota sai da ya faɗo daga kan taya.

Sai ranar da Ƙanwata ta zame a bakin famfo, ga ciki ya fara fitowa. Matan gida suka kira ni a waya. Na tsallaka titi da gudu, wannan karon ba wasa a bakina.

"Matarka ta faɗi, jini take zubarwa, an yi asibiti da ita."

Ya kalli titi sama da ƙasa. Lokacinsa ya riga ya wuce, Tumbi kuwa ranar ko inuwarsa ba a gani ba. Ya buga waya ofis, aka ce masa ga kofur nan tafe.

Na ce, "Tafi kawai, ni zan tsaya maka."

Ya ce, "Kai ba ma'aikaci ba ne."

Ni na je asibitin, da baƙin maina da komai. Nas ta dube ni ta ce, "Kai ne mijin?" Na ce Allah ya kiyaye, mijin yana can yana gadin ɓeraye. Cikin ya zube. Sai da aka gama komai, aka wanke ta aka kwantar, sannan ya iso cikin kaki, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya tsaya a ƙarshen gado bai san inda zai sa hannuwansa ba. Ta juya fuska bango.

Da aka sallamo ta na kasa kunne ina jiran faɗa, ban samu ba. A hankali ta yi maganar, sai da na manna kunne da katako.

"Ba zan yi maka ihu ba. Ranar da ka sake wuce lokacinka a ƙofar ginin nan, zan tafi gidanmu. Kuma ba yaji ba ne."

Kafin a gama shara da safe duk gida an sani. Ni labari ba ya kwana a cikina, haka aka halicce ni.

In za a faɗi gaskiya, ya yi ƙoƙari. Ya je wurin sufeto, sufeto ya ce su sasanta tsakaninsu, shi ba alƙalin aure ba ne. Ya dawo ya roƙi Tumbi, har takalmi ya goge masa a gaban mai shayi. Tumbi ya ji daɗin girman da aka ba shi, ya fara zuwa a kan lokaci. Falwaya ya riƙa dawowa gida da sauran rana. Na ga abin da ban taɓa gani ba, yana zaune a kan tabarma ya ware hannu biyu tana naɗe zare a kansu, tana masa tsiya yana murmushi. Har ƙiba ya fara.

To rumfa ba ta son zaman lafiya, ba abin faɗa a cikinsa. Duk ranar da Tumbi ya shanye shayi da sauri ya miƙe, sai wani ya ce, "Kofur, yi maza, kada madam ta sa a rage maka igiya." Wani ya ce, "Ashe yanzu tela ke raba aiki a ofishinku." Ni kuma nakan sara masa in ce, "A gaida kofur na Ƙanwata." Tumbi ya yi dariyar yaƙe sau ɗaya, sau biyu, daga nan ya sha mur.

Ranar da abin ya faru, an kwana biyu ana ruwa, sai da rana ta karkata ya ɗauke. Benen ya sha ruwa ya yi baƙi, tsagar nan tana ta ɗiga. Lokacin canji ya yi, ya wuce. Tumbi yana zaune bayan teburin mai shayi, ya miƙe ƙafa, ya sa aka ƙara masa madara.

Can sai ga Ƙanwata, jaka a kafaɗa, kan keken ɗinkinta naɗe cikin zane ta rungumo shi kamar jariri. Ta dire a kan tayata.

"Baƙin Mai, matsa in zauna."

"Ƙanwata, shago za ki buɗe mana a nan? Wandona ya yage a wuri mai daraja."

"Bas nake jira."

Ta zauna tana kallon tsallake. Ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kira shi ba. Shi ma ya gan ta. Titi ɗaya ne tsakaninsu, kuma duk wanda ke wurin ya san abin da jakar take nufi. Kafin ka ce me, masu babur sun kashe injin, mai wankin mota ya ajiye soso, mai sayar da katin waya ya rufe akwatinsa ya matso. Aka rabu biyu. Waɗannan suna "Tsallako, ango!" waɗancan suna "Soja ba ya barin wuri!"

Na sunkuya na ce mata, "Kofur fa yana nan bayan tebur. In janyo miki shi?"

Ta ce, "Na gan shi. Ba shi na aura ba."

Na leƙa wurin Tumbi duk da haka. Na ce, "Kofur, ba za ka fita ba?"

Ya ce, "Bari mu ga wanda ya fi ƙarfi, kaki ko zane."

Ni ma dai ina son in gani.

Falwaya ya zaro waya ya buga, wayar Tumbi ta yi ta ɓari a kan benci, ya kife hula a kanta. Falwaya ya mayar da tasa aljihu. Ya haɗa hannu a baki, ya ɗaga murya sama da ƙarar motoci.

"Ki ƙara mini kaɗan! Yanzu zai zo!"

Ta miƙe tsaye. Ban san 'yar ƙaramar mace tana da irin wannan murya ba.

"Na ƙara maka ɗa guda! Bai isa ba?"

Sai wani mai babur ya ce, "Kai, ta gama da shi," aka sake ɓarkewa da ihu.

Bas ta zo. Direban ya leƙo ya ce in ƙara masa iska a tayar baya. Na ja tiyo, na yi ta ƙwanƙwasa taya, na duba wadda ba a ce in duba ba, har direba ya ce ko haihuwar iskar nake. Falwaya bai motsa ba. Ta ɗauki kan kekenta ta shiga, ta zauna a ɓangaren da ba ya kallon benen. Aka ja ƙofa. Bas ta ɗaga.

A nan ne ya sauko daga dakalin. Tunda aka kawo shi wurin ban taɓa ganin ƙafarsa a kwalta ba sai an canje shi. Ya fizge hula ya riƙe a hannu, ya faɗa titi da dogayen ƙafafun nan, motoci suna taka birki, yana kiran sunanta da ƙarfi, sunan da ko a gida kunya ba ta barinsa ya kira a gaban mutane. Ya kai tsakiyar titi. Bas ba ta yi nisa ba, ga cunkoso a gabanta, da ya ci gaba da ya kamo ta.

Sai Tumbi ya yi tsalle ya hau benci, ya shaƙe murya irin ta sufeto.

"Kai ɗan sanda! Wa ya canje ka?"

Falwaya ya tsaya cak, kamar ya yi karo da bango. Ya kalli bas, ya waiga ya kalli ƙofar da ya bari a buɗe. Direbobi suna ta danna masa hon suna zagin uwarsa. Sai ya mayar da hula kansa, ya gyara mata zama, ya juya. Ya koma ya hau dakali ya ƙame.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai shayi har ruwan zafi ya zuba a ƙafarsa bai ji ba. Tumbi ya sauko yana share hawaye ya ce, "Wayyo cikina. Bari in ƙarasa kofin nan in je in sallame shi."

Bai ƙarasa ba. Na ga yashi yana zubowa Falwaya a kafaɗa, ya sa hannu ya kaɗe kamar an ɓata masa guga. Sai barandar ta taho gaba ɗaya.

Da ƙarfen ɓare taya muka tono shi. Ba zan faɗi yadda muka same shi ba. Masu "tsallako" da masu "kada ka tsallako" duk tare muka ɗaga simintin.

Kafin sufeto ya iso, Tumbi ya sa hula, ya ɓalla maɓallai har wuya, ya shafa ƙura a wando. Ya ce shi ya karɓi aiki a kan lokaci, ya ɗan zagaya bayan gini ne duba ɓarayi, marigayin kuma ya tsaya rigima da matarsa. Sufeto ya juyo gare mu. Bai kalli fuskokinmu ba, rumfunanmu ya bi da kallo ɗaya bayan ɗaya, waɗanda duk a gefen titin da aka hana kafa rumfa suke. Ya ce, "Akwai wanda ya ga akasin haka?" Mai shayi ya hau wanke kofi. Ni kuma akwai tub a baho da ke jirana.

Haka aka tsayar, wai ba a bakin aiki ya mutu ba, ya riga ya tashi. Mutumin da bai taɓa barin aiki ba, an ce zaman banza ya kashe shi. Ba tuta, ba fareti, ba harbin bindiga sama. 'Yan sanda biyu suka zo gaisuwa, da za su tafi suka ce a ba su kulki da sauran kakin da ke rataye. Sojoji kuwa sun ce ai ya daɗe da barinsu. Benen da aka shekara ana cewa za a rushe, kafin a tashi daga zaman makoki an kawo katafila an baje shi. Tumbi aka mayar da shi gadin ƙofar kasuwa, na ji har ya ƙara ƙiba.

Yayarsa ta zo da muryarta. Ta ji abin da hukuma ta ce, ta samu wanda za ta ɗora wa. Da Ƙanwata ta dawo washegari, ido a kumbure, ba jaka ba keke, yayar ta tare ƙofar ɗaki da jikinta.

"Kin kashe mini shi, kin dawo kwasar kaya? Ba ke kika ce kin tafi ba? To tafi."

Matan gidan da ta sha yi wa ɗinki kyauta suka sunkuyar da kai, kowa ta samu abin tsinta a tabarma. Ƙanwata ta juya ta fita.

Rumfata ta zo. Na nuna mata wurin zama, ta ƙi.

"Baƙin Mai, tambaya ɗaya zan yi maka. Kada ka yi mini wasa."

"Ina ji, Ƙanwata."

"Da bas ta tashi, ya motsa?"

Mai shayi ya hau ƙifta mini ido. Na gane nufinsa, in ce bai motsa ba, ta tafi da fushinta, fushi ya fi sauƙin ɗauka. Amma ita ta ce kada in yi wasa, ni kuma ban iya haɗiye labari ba.

Na ce, "Ya sauko. Ya cire hula ya biyo ki da gudu har tsakiyar titi, yana kiran sunanki. Ba ki ji ba?"

Ta daɗe tana kallon tulin simintin da ke tsallake.

Ta ce, "Na ji. Na ɗauka daga ƙofar yake kira. Na rantse wa kaina ba zan waiwaya ba."

Na ce, "Ai da kin waiwaya kin ce direba ya tsaya, da yanzu..."

Mai shayi ya ce, "Kai, rufe bakinka mana!"

Ta ce, "Ƙyale shi. Na sani."

Na buɗe baki zan faɗa mata abin da ya mayar da shi, ta ɗaga mini hannu. Wata bas ta tsaya a gabanmu, direba yana tambaya ko tafiya ce. Ba ta ko kalle shi ba. Da ƙafa ta miƙe titi, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake ganinta a unguwar.